Mai gadin da sallar asuba ba ta wuce shi

Taliyata ta huce, idona na kan talabijin ɗin wani gidan abinci a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou. Wasan kwaikwayo na zamanin sarakunan ƙasar ake yi: 'yar waziri na kuka gaban ubanta, wai mai gadin ƙofarsu take so.

Autata Hafsatu, da ke karatun likita a nan Guangzhou, ita ke mini tafinta.

'Yar waziri ta yi magana, ba ta fi kalma huɗu ba. Hafsatu ta ce, "Cewa ta yi, Baba, yaron talaka ne amma yana da sana'a, yana girmama manya, kuma sallar asuba ba ta wuce shi a jam'i."

Na ajiye cokali. A gaban masu tatsuniya na girma, na san inda mai labari ke ƙara gishiri.

Na ce, "Ikon Allah. A wane masallaci mai gadin ke bin jam'in?"

Ta sunkuyar da kai tana juya shayi. "Huaisheng. Gyaran waya yake yi a kasuwar Tianxiu. Ɗan Damagaram ne."

"Shi wazirin me ya ce?"

"Bai ce komai ba tukuna, Baba."

Na talabijin dai ya sa an kulle 'yarsa a ɗaki. Ni kuwa na ce mai gadi ya zo ranar Juma'a mu gaisa, in ji asalinsa.

Iyaye, ko akwai wanda aka taɓa yi wa irin wannan tafinta a cikinku?