Dukan da Babana Ya Sha a Madadina

Ni ɗan tsohon soja ne a Zuru. Babana dattijon ikkilisiya ne, ni kuma nake kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Wanda ya gan ni ranar Lahadi ba zai ce zan ɗauki ko allurar wani ba.

Da kajin maƙwabta na fara. Da na ga ba wanda ya zarge ni, sai na koma awaki. Lokacin da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan Kanya suka cika cocinmu, aka tara musu dawa, ni aka ba mabuɗin ɗakin ajiyar. Na riƙa ɗiba ina sayarwa. Mutanen da 'yan bindiga suka koro, ni na ƙarasa su. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

Satar babur ce ta tona mini asiri, ranar kasuwa. Jama'a suka rufe ni da sanduna. Ban san ta inda Baba ya ɓullo ba, sai na ji nauyinsa a kaina. Ya rufe ni da jikinsa yana cewa, "Ɗana ne, ku doke ni!" Kafin su gane wanda suke duka, sun karya masa haƙarƙari.

Ina gidan yari ya rasu. Na roƙa a bar ni in je jana'iza, aka hana. Da Mama ta zo ziyara na ce mata, "Kada ki ƙara yi mini maganar Allah. Mai laifi na nan da rai, mai gaskiya na cikin ƙasa."

Ta ce, "Haka aka yi a kan gicciye ma, kuma kabari bai riƙe Yesu ba. Babanka ya ce in gaya maka zai tashi, kuma yana so ya gan ka a can."

Sai da na daɗe ina faɗa da maganar nan a zuciyata kafin na durƙusa na tuba.

Bara aka sake ni. Na tsaya gaban ikkilisiya na faɗi duk abin da na yi. Har yanzu in na zauna a benci, mata sukan jawo jakunkunansu. Abin na ƙona mini rai, amma ni na jawo.

Ƙannena, ku bar abin da ba naku ba, komai ƙanƙantarsa. In abin ya fashe, wanda ya fi ƙaunarku ne zai sha wuyar. Ni ban samu na ce wa Baba ya yafe mini ba. Sai na jira ranar tashin matattu.