Ranar da Baba Ya Ga Ana Ba Kifi a Baki

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gidanmu na unguwar Muntaza, ni da maigidana da 'yarmu da mahaifina, don a Doha wanda ya bari rana ta riga shi fita ya sayi wahala da kuɗinsa. Mun ce wa Baba za mu kai shi gidan kallon kifaye ne ya sha iska, amma ni abin da ke raina shi ne ko ganin kifi zai ɗebe masa kewar gida.

Baba masunci ne, a kogin Yawuri ya tsufa. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun dama ya daina aiki, na hagu kuma rawa yake. Maigidana ya yi ta bin kafil ɗinsa, wato ubangidansa na wurin aiki, har aka samo bizar da muka kawo shi asibiti. To magani na shiga, abinci ba ya shiga. In na ɗauko cokali sai ya juya fuska bango ya ce, "Uwata, hannun da ya ciyar da gari ba za a ba mai shi a baki kamar jinjiri ba." Shayi kawai yake kurɓa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai dai a sa masa roba ta hanci. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Mun bi ta bakin teku. Shataletale ya fi a ƙirga, kuma duk inda ka ɗaga kai ƙarafan gini ne, kamar garin gaba ɗaya jiya aka fara shi. Muka tsaya inda jiragen katako ke sauke kifin dare, Indiyawa na ta ciniki da hannu da ka. Maigidana ya sayo shayin karak, riyal ɗaya kofi, da waina mai ƙwai. Mu muka cinye wainar. Baba ya leƙa kwandunan kifi daga kan kekensa na marasa lafiya, ya taɓe baki ya ce a Yawuri da irin waɗannan ake ɗana ƙugiya.

Gidan kifayen da sanyi da duhu-duhu, hasken ruwa na wasa a fuskokin mutane. Mun wuce kunkuru da wasu kifaye masu launi kamar atamfar biki, Baba ko a jikinsa. Sai muka iso babban gilashi.

Wallahi ban san na ja da baya ba. Kifin shak ne, ya fi tsawon maigidana, toka-toka, yana tafe a hankali ba ya gaggawar komai. Ƙananan kifaye na darewa suna ba shi hanya. Idonsa ɗan ƙarami, bakinsa a ƙasa, haƙora jere bayan jere. 'Yarmu ta shige cikin hijabina. Na ji "Subhanallah" daga bakin wata tsohuwar Balarabiya. Baba ya miƙe zaune, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba.

"Giwan ruwa yaro ne," ya ce a hankali. "Ashe ban ga komai ba."

Can sai wani ma'aikaci ya hau saman tankin da bokiti da doguwar sanda. Ya soka gutsuren kifi a bakinta ya zura cikin ruwa. Na zaci za a yi wawaso. Ina! Shak ɗin ya zagayo da kasaitarsa, ya buɗe baki, ya karɓa, ya wuce. Ya sake dawowa, aka sake ba shi. Na yi mamaki, don dabbar nan da ta so, da sandar da mai sandar duk loma ɗaya ne.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen maigidana.

"Kai, tambayar min mutumin can, kullum haka ake ba shi?"

Maigidana ya tambayo da guntun Larabcinsa ya ce, "Eh Baba, a baki ake ba shi."

"Kuma har yanzu tsoronsa suke ji?"

"Ba ka ga tsawon sandar ba?"

Baba ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun yana da lafiya.

A hanyar dawowa rana ta buɗe, kwalta na tururi. Muna shiga Muntaza Baba ya ce a tsaya gidan abincin 'yan Indiya na kan kwana, a sayo shinkafa da gasasshen kifi. Maigidana ya sauka ya sayo.

Da muka isa gida muka shimfiɗa tabarma, na ɗauko cokali. Ya dube ni ya ce, "Matso mana, uwata. Ni ba sai da sanda ba, haƙoran sun zube." Ya buɗe baki. Ina ba shi ina share hawaye da gefen mayafi, shi kuwa yana ta mitar gishiri ya yi kaɗan.

Na fita neman abin da zai ɗebe wa Baba kewa, na dawo na gane cewa duk lallashin da na yi wata da watanni, bai taɓa jin tsoron yunwa ba, tsoron raini yake ji. Ranar sai da ya nemi ƙari.