Kunnena na Hagu da Ɗan Maɓallin Rediyo

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, mu masu bugun shadda muka ga aiki. Kowane ɗan takara sai babbar riga mai sheƙi. Kafaɗarmu ta sha wahala, su suka sha kujera. A cikin wannan ɗan buɗin na je Ƙofar Wambai na sayi ƙaramar rediyo mai cin kaset, da abin sa wa kunne irin mai baka a kan kai.

Mai kayan ya rantse mini cewa in na sa, zan ji kamar ina zaune tsakiyar makaɗa. Na kai majalisarmu a Koki, kowa ya ɗana, kowa ya ce haka ne, kalangu a gaba, 'yan amshi ta ko'ina. Ni kuwa da na sa, duk makaɗan suka taru a kunnena na dama, na hagu shiru. Na cire hula, na juya abin, duk ɗaya.

A baki na ce an cuce ni. A zuci kuwa tsoro nake ji. Tun ina saurayi abokin buguna a haguna yake zama, gudumarsa tana sauka daf da kunnena. Na ɗauka kunnen ya mutu ke nan.

Akwai mai gyaran rediyo a gindin Goron Dutse, tare muka gudu daga firamare. Na kai masa, ya saurara ya ce kayan ƙalau suke, ni mai su ne na lalace. Na ce in ba zai gyara ba ya ba ni abina. Ya yi dariya, ya ciro maɓallin ƙara murya daga wata matacciyar rediyo, ya yanke wayar dama ya liƙa shi da dalma. Ya ɗora mini, ya ce in rufe ido in nuna da yatsa inda mai kalangu yake.

Na nuna dama. Yana murɗawa a hankali, dama tana raguwa, shi kuma yana ƙara muryar gaba ɗaya. Sai na ji mai kalangun ya taso yana tahowa. Yatsana yana bin sa har ya tsaya saitin hancina. Can kuma ga 'yan amshi a haguna, inda na daɗe ban ji kowa ba.

"Tsaya nan, kar ka ƙara," na ce.

"To, kurma ya warke. Kunnen yana nan, Malam, gajiya ya yi."

Ya naɗe maɓallin da salatif don kada ya motsa. Washegari na ce wa abokin buguna ya koma damana. Ya ce so nake ya lalata ɗayan ma? Na ce a'a, na hagun ne zai huta, ya yi nasa aikin.