Haƙorin Gwaggo Melenaite

Shekara talatin mijina Filimone yana jan bas daga birnin Nuku'alofa zuwa ƙauye, bai taɓa tambayar kowa ko ya iya tuƙi ba. Yana yin ritaya ɗanmu ya aiko masa da kyamara daga Sydney, mu kuwa muka shiga uku. Kare, alade, ni ina kankare kwakwa, babu wanda ya tsira.

Sai ya faɗa wani zauren masu koyon hoto a intanet. Duk abin da ya ɗauka sai ya kai an duba masa. Babban malamin zauren wani Craig ne na Brisbane, mutumin da ko rogonmu bai taɓa ci ba. In Craig ya ce haske ya yi yawa, ranar maigida ba ya cin abinci.

Ana haka Gwaggo Melenaite, ƙanwar mahaifinsa, za ta cika tamanin. Ita ce mai faɗa a ji a danginsu, in ta yi tari kowa sai ya gyara zama. Ta aiko cewa Filimone zai ɗauki hoton da za a buga a rigunan biki. In ya yi kyau ya zama mai hoton dangi, in ya ɓaci ya ja wa kansa abin faɗa har jikoki.

Ta zo ta ɗaura tabarmar biki a ƙugu kamar yadda al'adarmu take, ta zauna. Matar da ba a taɓa ganin dariyarta a hoto ba, ranar ta washe baki, haƙorinta na zinare yana ƙyalli. Wallahi hoton ya yi kyau, ni da bakina na faɗa.

Amma wace ce ni? Aka kai wa Craig. Ya ce hoto ya yi, sai dai ƙyallin nan na baki yana ɗauke ido, a goge. Mutum tara suka mara masa baya.

Na ce, "Baban Lose, da ka tambayi mai haƙorin."

Ya ce, "Ke me kika sani a harkar hoto?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Matar direba ce ni."

Ya wuni a gaban kwamfuta yana goge zinaren, har Gwaggo ta fito da haƙora kamar na 'yar tallan man goge baki. Don ƙwarewa kuma ya ajiye gyararren a kan na asali, na asalin ya tafi ke nan. Craig ya ce ya burge shi.

Ranar biki dangi suka cika filin coci, kowa da Gwaggo a ƙirji. Filimone ya durƙusa ya miƙa mata tata rigar, yana jiran yabo. Ta daɗe tana kallo.

"Filimone, ina haƙorina?"

"Gwaggo, masana ne suka ce yana ɗauke ido."

"Zoben auren mijina ne. Da ya rasu na sa aka narkar da shi aka yi min haƙorin." Ta ninke rigar a hankali. "Ka zaci kai na yi wa dariya? So na yi ya fito a hoton tare da ni."

Raina ya ɓaci har na kasa yi masa gori. Ya ɗago kyamara, ya ce a sake ɗauka yanzu. Gwaggo ta gyara zama, ta dube shi, ta rufe bakinta gam.