Zuwa Maiduguri Saboda Uwar Maƙera

Tashi daga gida

Ana kiran assalatu na kulle ɗakin tarihin garinmu, na jefa makullin a aljihu, don babu wanda zan bar wa. Mu shida muka buɗe shi a tsohon ofishin ƙungiyar manoma, aikin sa-kai. Biyu sun riga mu gidan gaskiya, uku neman abinci ya watsa su, saura ni tsohon malamin firamare. Kowace Asabar nakan shimfiɗa tabarma in jira tsofaffi su zo su ba yara labarin kayan da ke ciki. Yanzu sau da yawa ni da tsintsiya muke yini.

Kayan ɗakin ba namu ba ne, ajiya ce. Mafi daraja a ciki ita ce uwar maƙerar marigayi Malam Tanko, ƙaton ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kansa a daka. Da ya rasu sai ta shiga gado. Babban ɗansa Sale ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, har sun zo sun jijjiga ta sun ji nauyi. Da liman ya tambaya ko magada sun cika, sai aka ga saura mutum ɗaya. An manta da Hauwa 'yar marigayin, wadda aka kai aure Maiduguri tun ina ɗan makaranta.

Sale ya ce, "Malam, in za ka iya nemo ta, abin da ta ce shi ke nan."

Babu mai lambar wayarta. Abin da aka sani kawai, ɗanta Modu yana sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road.

Kano zuwa Damaturu

Akori-kura mai tumatir ce ta kai ni Kano, hantsi ya yi kafin bas ɗinmu ta cika. Muka wuce Wudil da Azare, kowa kansa na kan waya. A Potiskum muka yi salla, na ci shinkafa da wake a tsaye, direba yana ta danna mana hon.

Na ce, "Direba, ai ka bari loma ta sauka."

Ya ce, "Baba, in aka rufe ƙofar Maiduguri, a titi za ta sauka."

Daga Damaturu shingayen jami'an tsaro suka yawaita. A wani aka sauke mu, kowa ya ɗaga katinsa ya taka a ƙasa. Jami'in ya tambaye ni wurin wa za ni, na ce wurin 'yar'uwata. Sai da na koma kujera na tuna ko kamanninta ba zan iya kawowa ba. Daga nan har Benisheikh ina kallon gidajen da ba rufi a bakin hanya, zuciyata ba daɗi.

Baga Road

Mun shiga gari rana na shirin faɗuwa. Na kwana a shagon wani tela Bakano a unguwar Limanti, wanda muka haɗu a masallaci. Ya ba ni tabarma da shayi, ya ja ƙofa ya tafi wurin iyalinsa.

Da safe ɗan keke ya sauke ni a kasuwa. Ƙaurin banda ne ya fara yi mini maraba, ga kwalaye jibge sun fi tsayina. Na tambayi wani dattijo ina zan sami Modu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga murya ya kira sunan, mutum biyar suka waiwayo.

"Wanne ka zo saya, Malam?"

Na ce wanda uwarsa Bahaushiya ce, 'yar maƙera. Aka yi ta miƙa ni daga rumfa zuwa rumfa har azahar. Da na same shi, magidanci ne mai furfura a gemu, Hausarsa da karin Barebari. Na ambaci sunan garinmu, ya ce yana jin sa a bakin tsohuwa, amma bai taɓa zuwa ba.

Dala

Modu ya kai ni gidan, cikin wani lungu a unguwar Dala ta nan Maiduguri. Na tarar da ita kan tabarma, kasko na hayaƙin turaren wuta a gefenta, idanunta sun yi fari. A nan Ya Hauwa suke kiranta. Ta tarbe ni da "Ushe-ushe," gaisuwar Barebari, sai ta katse kanta ta koma Hausa irin ta garinmu, wadda ni kaina na daɗe ban ji ba.

Aka kawo burabusko da miyar yakuwa. Ina ci tana tambaya, gida-gida, daga bakin kasuwa har rijiyar gabas. Kusan duk sunan da ta kira, amsata ɗaya ce: Allah ya jiƙansa. Daga baya ta daina tambaya.

Na kwashe zancen gado na gaya mata. Na ce, "Yaya, roƙon da na zo yi, ki yafe wa ɗakin tarihi rabonki, ko Sale ya haƙura."

Ta ce, "Ba zan yafe ba."

Na ajiye cokali, ina tuna doguwar hanyar da na biyo.

Ta ce, "An sayar da gida, ban ji ba. An raba gona, ban ji ba. In na yafe wannan, me zan ce wa jikokina ina da shi a garinmu? Ba na yafewa, ba na sayarwa. Ka gaya wa Sale uwar maƙera ta zauna inda Baba ya ajiye ta."

Na ba Modu lambar Sale ya kira, ta maimaita masa da bakinta. Suka yi minti kaɗan suna gaisawa kamar baƙi. Da aka kashe waya ta juyo wajena.

"Uwar maƙerar har yanzu tana da zaƙin murya? In yayyena sun gudu wasa ni nake yi wa Baba zuga. Ƙararta ce take tashina da safe."

Na gaya mata gaskiya, tun da aka kawo ta na manna takarda a jikinta, na rubuta kada a taɓa.

Ta ce, "Haba Malam. Ai ba gawa aka ba ka ba."

Komawa

Washegari Modu ya raka ni tasha da ƙullin banda da kwalbar turare. Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo, ko don ba ni da abin da nake jira ne. Na isa gida ana sallar isha'i. Godiyata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ga telan Limanti da ban ko tambayi sunansa ba, da Modu da ya bar rumfarsa saboda baƙo.

Ranar Asabar na share ɗaki, na shimfiɗa tabarma. Har rana ta take babu wanda ya leƙo. Na tashi na ɓare takardar nan, na ɗauko gudumar Malam Tanko daga bango, na kira Modu na ce ya kai wa tsohuwa waya.

Na ɗaga guduma na sauke a kan uwar maƙera. Ƙarar ta cika ɗakin, ta fita har titi, na ji ta a haƙorana.

Sai na ji ta cikin waya ta ce, "Ba haka Baba yake yi ba. Biyu a kan ƙarfe, ɗaya a gefe. Sake."

Na sake.