Ruwan da Na Ce An Yi a Burkusuma

Ba za ni faɗi sunana ba, amma za ni faɗi abin da na aikata, don 'yan'uwana ɗalibai masu riƙe da waya su ji.

Ni ba mai magana ba ce. Tun ina ƙarama a Gangara, idan baƙo ya yi sallama, bayan rumbu nake laɓewa ina leƙensa. Kafin ya tashi na san wane takalminsa ne ya tsinke, na san da wane gefe yake tauna goro, amma ko gaisuwa ba na iya yi masa. A aji ma haka. Na san amsa, malam ya nuna ni, sai harshena ya yi nauyi. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Abin da nake da shi kawai son sanin yadda mutane suke.

Da damina ta sake yin gardama, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba, sai Baba ya tura ni Isa wurin Gwaggo in ci gaba da sakandare, ko bakin ci ya ragu a gida. Yayana Lawali yana kabu-kabu a can. Shi ya ba ni tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, da layin da aka yi wa rajista da sunansa, ya ce in riƙa duba karatu.

Wata maƙwabciyar Gwaggo ta saka lambar a wani guruf na hira ta waya na matan yankinmu. Wasu suna gida, wasu sun bi mazajensu kudu da dabbobi saboda fari. Yawancinsu ba sa rubutu, saƙon murya suke turowa. Ni kuwa ba maganarsu kaɗai nake saurare ba. Ina jin abin da ke bayan maganar: carar zakara, ƙarar injin niƙa, wani lokaci ruwan sama yana dukan kwano a wani gari da ban sani ba. Sai in maimaita saƙon, ina tunanin wane irin gida ne wannan.

Wata rana wata mata ta yi tambaya a kan akuyarta da ciki ya kumbura. A satin nan aka koya mana wannan a darasin noma. Na so in amsa, amma wa zai saurari yarinya? Sai na zagaya bayan madafin Gwaggo, na kauraro muryata, na kwaikwayi malamarmu, har da yadda take rufe magana da "kin gane ko?" Na tura. Ina so ne kawai in ga abin da zai faru.

Akuya ta tashi. Aka yi ta sa mini albarka. Wata ta ce, "Wai wace baiwar Allah ce wagga?" Na ce sunana Anti Rabi, ina aiki a ofishin gona na Isa. Na samo hoton wata mata mai shuɗin gyale zaune gaban tebur, na ɗora. Abin ya ba ni mamaki. Muryar da ba ta fita a aji, ga ta tana fita sumul, manyan mata suna ce mata ranki ya daɗe.

A nan na san Dije. Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Burkusuma. Ita da mijinta Buba da surukinta, wanda take kira Baffa, sun kora shanunsu can kudu mai nisa neman ciyawa. Ta biyo ni ta gefe, ta ce, "Anti, ina son mu ƙulla zumunci, ni ba ni da ya mace." Kullum sai ta turo saƙo, ina jin maruƙa suna kuka, ina jin nono yana zuba a ƙwarya. Ni kuma in yi ta tambaya. Da gaske doya a cikin tudu take girma? Da gaske akwai ciyawar da ta fi mutum tsawo? Tana dariya tana ce mini, "Kai Anti, ke da kika yi boko, tambayarki kamar ta yaro!" Ta ba ni labarin saniyarta Woɗeye, ja, wadda mahaifinta ya ba ta tun tana 'yar maraƙa. Ta ce idan ta kira ta, ko tana tsakiyar garke sai ta ɗago kai.

Ranar da data ta ƙare na faɗa mata za ta ji ni shiru. Kafin la'asar ta turo mini lambar kati daga kuɗin nononta. Na ji kunya, amma na loda. Da ta sake ƙarewa ban ji kunya kamar ta farko ba. Daga baya na sanar a guruf cewa za a raba dusa da harawa ga masu dabbobi, duk mai son in sa sunanta ta turo kati na kuɗin rajista. Suka yi ta turowa. Wasu na loda, wasu na sayar. Na sayi sabulu mai ƙamshi da sabon takalmin makaranta. Idan an tambayi dusa sai in ce kaya suna hanya daga Sakkwato. A lokacin ban kira abin sata ba. Na ce ai ina ba su shawara.

Da bazara ta yi nisa, saƙonnin Dije suka canza. Can kudu ruwa ya zauna, ƙudan tsando ya fara damun shanu, manoman wurin sun yi shuka suna so a ɗauke musu dabbobi. Dole su taso, amma ba su san halin da gida ke ciki ba, kuma waya ba ta shiga Burkusuma a lokacin. Ta bayyana mini cewa a al'adarsu garso ake turawa, wato mutum ɗaya ya yi gaba ya duba ruwa da ciyawa da idonsa, ya dawo ya faɗa, sannan garke ya motsa. To amma kuɗin mota ya yi tsada, ga shi Buba kaɗai ne mai ƙarfi a wurin shanun.

"Na ce da Baffa mi za a yi da garso, ga mu da Anti a ofis?" in ji ta. "Ga shi nan, shi yi maki magana da kainai."

Sai na ji muryar tsoho, a hankali, da Hausarsa ta Fulani. "Hajiya, sannu da aiki. An yi ruwa wajenmu? In an yi, in an tona ƙasa, sanyin ya kai ina? Yatsa, ko wuyan hannu?"

Ina tsaye a bayan madafi. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafata busasshiya ce, tururuwa suna jan ƙwayar dawa a kanta. Ko ɗigo ba a yi a Isa ba, balle in san na Burkusuma. Amma kwana biyu hadari yana haɗowa gabas da yamma, ana jin ƙamshinsa, sai iska ta watsa shi. Na ce a raina, kafin su iso da ƙafa ai an yi. Kuma Anti Rabi ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Da ta faɗa sau ɗaya, wa zai sake turo kati?

Na ce, "Baffa, an yi ruwa mai yawa. Sanyi har gwiwar hannu. Mu a ofis mun tabbatar damina ta zauna."

Na duba cikin wayar na sami wani tsohon bidiyo da Lawali ya ɗauka a hanyar Gangara a wata shekarar albarka, ko'ina kore shar, na tura musu. Na ji Baffa yana cewa alhamdu lillahi, ba sai an tura kowa ba.

Suka taso. Duk inda suka sami sabis Dije sai ta turo saƙo. Da farko da wasa: ƙafarta ta yi kanta, Woɗeye tana gaba kamar ta san hanyar gida. Daga baya ta ce, "Anti, ciyawa na ta gajarcewa hwa." Na ce su ci gaba, gaba ta fi kyau. Sannan ta ce tafkin da suka saba shayarwa ya zama taɓo, an soma ɗaukar maruƙa a kan jaki. Komawa baya ba ta yiwuwa, don gonaki sun rufe burtalin da suka biyo. A saƙon ƙarshe da na saurara ba ta yi dariya ba, kuma ban ji kukan saniya ko ɗaya a bayanta ba. Ta ce, "Anti, wai ta wane gehe anka yi ruwan?"

Na kashe wayar, na tura ta ƙarƙashin buhun gawayi.

Kullum idan an tashi daga makaranta sai in tsaya ina kallon gabas. Ban taɓa roƙon ruwa kamar lokacin ba. Bai zo ba sai bayan makonni. Ranar kasuwar Isa na ga ana sauke shanu daga amalanke, ba sa iya tsayuwa, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, mahauta suna taya su kamar kuɗin akuya. Duk jar saniyar da na gani sai in tsaya in duba fuskarta.

Abin da ya biyo baya a bakin Gwaggo na fara ji. Buba da Dije sun zo Isa, sun shiga ofishin gona suna neman Anti Rabi, aka ce ba a taɓa yin mai wannan suna ba. Wasu matan da suka turo kati su ma suka kai ƙara. Aka bi layin, sunan Lawali ya fito. A tasha aka kama shi yana jiran fasinja. Gwaggo ta shigo tana salati, ta ce, "Yaron da ko sigari bai sha, wai shi na damfarar mata!"

Na ciro wayar, na goge mata baƙin gawayi, na tafi caji ofis da kayan makaranta a jikina. Na tsaya a gaban teburin 'yan sanda. Ɗan sandan ya ce, "Ke, in abinci kika kawo ma wani, aje ki tahi." Na ce ni ce. Ya ce ke ce wa? Na ce ni ce Anti Rabi. Ya yi dariya har da buga tebur, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya kunna ɗaya daga cikin saƙonnin Anti Rabi ya ce, "Wagga muryar uwar mata ce. In ke ce, yi mu ji."

Na rufe ido na kauraro murya na ce, "A ba akuyar man gyaɗa cokali biyu, kin gane ko?"

Dariyar ta tsaya. Wata mata da ke zaune a benci da goyo ta miƙe. Siririya ce, da zanen shuɗi da ya koɗe, ƙafafunta duk faso. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma da ta ce "La'ilaha illallahu" na gane ta. Ta zagayo ta dube ni tun daga hijabi har sabon takalmina.

"Ke ce Anti?" in ji Dije. "Wallahi ƙanwata ta girme ki."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina Woɗeye?"

Ta ce, "Ta kwanta ana hangen itatuwan rugarmu. Na kira ta, ta ɗago kai, ba ta tashi ba. Buba ya sa mata wuƙa."

Fiye da rabin garken haka ya tafi. Aka saki Lawali a ranar. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Alƙali ya duba shekaruna ya tura ni gidan gyaran tarbiyyar yara a Sakkwato. Baba ya jinginar da gonarsa ta fadama aka biya matan katinsu, aka ba su Buba abin da ya samu, wanda bai kai kuɗin shanu biyu ba. A can na yi watanni ina shara da wanki da saƙa. Da ruwa ya sauka sosai, sauran yara suka fita suna tsalle a cikinsa. Ni na tsuguna a gindin katanga na tona ƙasa da hannuna. Ashe kafin sanyi ya kai gwiwar hannu sai an yi ruwa an sake yi. Ko wannan ban sani ba lokacin da na faɗa wa Baffa.

Da aka sallame ni na roƙi Lawali ya kai ni rugar su Dije. Ya tayar da babur. Na durƙusa a gaban Baffa na nemi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya juya ya ci gaba da tufka igiya. Dije ta raka ni har bakin hanya. Ta ce ta yafe nata, amma akwai abin da ya tsaya mata a rai.

"Da kin ce mani ke ɗaliba ce, da na hi son ki," in ji ta. "Ni ban taɓa shiga aji ba. Da na yi ta tambayarki yadda cikinai yake, kamar yadda kika yi ta tambayata doya."

Yanzu na koma makaranta, ina maimaita ajin da na bari. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Ku da kuke karanta wannan, kada ku ari suna da hoton da ba naku ba ko da wasa ne, ko don ku ga abin da zai faru. Sunan aro yana da cin abinci, kullum sai an ƙara masa wata ƙarya, kuma ba kai kake zaɓar ranar da za a tambaye shi abin da rayuwar wasu ta rataya a kai ba. Idan kuma ku ne a ɗaya gefen, wanda ba ku taɓa gani ba ya ce ku taso, ko ku turo, ko ku sayar, to ku tura wanda kuka sani ya je ya gani da idonsa, ko nawa ne kuɗin motar.

Ni an sake ni, na dawo gida. Buba kuwa har yau shanun wani alhaji yake kiwo ana biyansa.