Awudu da Filash Biyu a Wuya Ɗaya

Ku da kuka san ƙanena Awudu, wa ya taɓa ganin takalminsa a ƙofar masallaci? Babu! Kowa ya tuɓe nasa ya bari a waje, shi sai ya zaro leda, ya saka silifas ɗinsa, ya shige da su a hammata kamar ya sayo kifi. In zai zo gidanka da kofinsa yake zuwa. Ka ba shi kujera, a baki-baki zai ɗosana. Ka ce, "Awudu, gyara zama mana," ya ce, "Ni baƙo ne, yanzu zan tashi." Baƙo! Mutumin da aka yanke wa cibiya a nan unguwar Nima, ina tsaye ina kallo.

An ce in rubuta abin da za a karanta ranar sadakar arba'in. To ga shi. Ni sai da furfura ta gama da kaina na iya rubutu, inda kuka ga ya karkace ku miƙe shi da kanku. Na gaji, gwiwata ta fi ni gajiya.

Ni na san inda wannan hali ya samo. Shekarar da aka ce baƙi su bar ƙasa, muna yara, aka loda mu a babbar mota zuwa garin iyayenmu a Nijar. Awudu yana da wata mota da ya ƙera da gwangwanin madara. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ya tura ta ƙarƙashin gado, ai za mu dawo. Mun dawo kuwa bayan shekaru, muka tarar da wasu mutane a ɗakin da nasu gadon. Tun daga ranar bai sake ajiye ko allura a inda ba jikinsa ba. Ya yi gyaran rediyo, ya koma waya da kwamfuta, amma bai taɓa kama shago ba. Benci ne kusa da kaskon ƙosaina a Maamobi, sai jaka a kafaɗa.

To kun san gidanmu da mantuwa. Kowa ya yi sabuwar waya sai ya zo yana kuka ya manta kalmar sirrinsa. Ni kaina tawa ta sha faɗawa cikin koko. Sai Awudu ya samo wata manhaja, kamar akwatin ƙarfe take, ka zuba makullan kowa a ciki, makulli ɗaya ya buɗe ta. Har muryar Inna ya kulle a ciki. Ya ɗauke ta a kaset kafin ta rasu, ya juye, kaset ɗin kuma ruwa ya ci shekarar da gwata ta cika ta shigo mana ɗaki. Ke nan duk duniya babu muryar uwata sai a akwatin nan. Ku riƙe wannan.

Matsalar, wai manhajar sai an girka ta a cikin kwamfuta ta zauna. Awudu ya ce, "Ta zauna? A gidan wa?" Ya rantse a filash za ta rayu, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a gefen kwamfuta, ta yi aikinta a duk inda aka soka ta, a zare ta ta tafi da kayanta. Daga nan muka shiga uku.

Ina suya yana min karatu.

"Yaya, kwamfuta ƙabila uku ce. Wannan ba ta jin yaren waccan."

"Kamar unguwarmu Nima ke nan."

"Yauwa! To na zuba 'yan aike uku a filash, kowa da yaren da yake ji, amma akwati ɗaya suke buɗewa."

"To ka gama, tashi ka ba masu saye wuri."

"Ina na gama? Tana barin takalminta a gidan mutane."

Wai in ya zare, sai ta bar wata 'yar shaida a kwamfutar mutane, cewa ta zo nan, ga abin da ta buɗe. Ni ban ga laifin wannan ba. Shi kuwa ko abinci ba ya shiga.

Wanda ya fi shan wahala Kwesi ne, mai shagon intanet na bakin titi. Awudu ya soka a wannan, ya zare, ya soka a waccan. Ashe kowace kwamfuta da sunan da take raɗa wa filash ɗin, sai manhajar ta je tsohon adireshi neman akwati ta rasa. Rannan ya dawo yana washe baki, ya ce, "Na hana ta faɗin sunan titi. Yanzu cewa take, ɗakin da ke kusa da ni. Takalminta ma a nan za ta dinga ajiyewa." Na ce Allah ya sanya alheri, ni ma a bar ni in ajiye nawa.

Kwesi ya zo har wurin kaskona da Hausarsa ta Zango.

"Mma, ɗan'uwanki ya zo kuma fa. Ba ya kallon komai kora, ko kaɗan! Soka, zare, share. Har tebur da kujera yana gogewa, wai kada ya bar alama."

"In hana shi zuwa?"

Ya ce, "A'a. Ki ce ya dinga zuwa da safe kafin in buɗe."

Sai ranar sunan jikana a Kokomlemle. Mijin 'yata Rakiya, Fuseini, yana aikin buga takardu, yana da kwamfuta irin mai tsadar nan ta ƙabila ta biyu. Aka miƙa wa Awudu jariri. Ya leƙa, ya ce, "Masha Allah. Fuseini, ina kwamfutar nan taka?" Ei! Ko sunan yaron bai tambaya ba. Ya shige ɗaki ya soka. Ita kuma mai tsada ta ce ba ta san wannan baƙon ba, ba zai shiga ba. Na leƙa na same shi yana nuna ta da yatsa.

"Yaya, ki ji fa. Takarda take tambayata! Ni!"

Aka yi addu'a, aka raba goro, aka cinye rago har ƙafafu, yana ciki. Can sai muka ji ihu, "Ta buɗe! Ta buɗe!" Mata ba su san me ya buɗe ba, suka rangaɗa guɗa. Ya fito yana zufa yana tambayar nama. Na ce ya je mai tsada ta ba shi.

Ni dai abu ɗaya na roƙe shi. Na ce, "Awudu, ɗan abin nan bai kai yatsa ba. In ya faɗi a torotoro, motar hayar nan, fa? Yi biyu, ka ajiye ɗaya." Ya ce wallahi na yi magana. Bayan kwana biyu ya zo yana buɗe wuyan riga. Ya yi biyun. Ya kai wa baduku ya ɗinke kowane a fata da ɗan murfi, saboda zufa da ruwan sama, ya rataya duka a igiya ɗaya, a wuya ɗaya.

"Na ce ka ajiye ɗaya!"

"Na ajiye mana. A nan."

Na ce, "To in ka mutu fa?" Ni ba na zagaye-zagaye, kun sani. Ya ce, "Ke za ki buɗe." Na ce ni da ko sunana ban iya rubutawa ba? Washegari ya kai ni makarantar manya, ya tsaya a taga kamar uban yarinya. Makullin akwatin wata doguwar magana ce, bai yarda a rubuta ta ko a ƙasa ba. Ina juya ƙosai yana raɗa min a kunne, "Harafi na gaba?" Na ƙona ƙosai ba iyaka saboda mutumin nan. Kada ma wani ya zo yana min murmushi bayan addu'a, ba zan faɗa ba.

Ranar da ya faɗi a kan bencinsa, jini ne ya hau, kafin a kai asibiti ya cika. Ina zaune cikin mata, maza suna wanka a bayan labule, kaina babu komai a ciki. Sai na hango wani saurayin Ustaz, cikin masu wankan, ya fito riƙe da igiya da yatsu biyu nesa da jikinsa, ya nufi ƙofa. Ƙofarmu kuwa kun san abin da ke gabanta, babbar gwata.

Ni da ba na tashi sai an ja ni, ban san lokacin da na tsallake mata uku ba.

"Kai! Ina za ka da wannan?"

"Mma, layu ne. Shirka ce. Gara mu raba bawan Allah da su kafin ya gamu da Ubangijinsa."

"Ɗan nan, in ka jefa uwata a gwata, kai ma bin ta za ka yi."

Mata suka fara, "Wayyo, mutuwar ta taɓa mata kai." Ustaz ya sassauta murya, "Mma, yi haƙuri, yi salati." Na ce na yi salati tun ba a haifi ubanka ba, buɗe murfin. Ya buɗe da bismillah yana kau da fuska. Sai ga ɗan ƙarfe yana ƙyalli. Wani tsoho daga bayan labule ya leƙo ya ce, "Kai Ustaz, riƙe da hannu biyu, makullin wayata ma na ciki!" Allah ya yafe mana, da gawa a gida aka yi dariya. Yaron kirki ne, ya ba ni haƙuri, na ce ya koma ya gama aikin lada.

Bayan sadakar uku na ja ƙafa zuwa shagon Kwesi. Ya ce ya taya ni, na ce juya bayanka. Na soka. Ta fito, ba ta nemi a girka ta ba, ba ta tambayi takarda ba. Na danna makullin da yatsa ɗaya, ta ce ba daidai ba. Na zauna ina kallon ta. Na ce yau in na manta, wa zan tambaya? Na rufe ido, na jiyo ƙaurin ƙosai da "Harafi na gaba?" Na sake, a hankali. Ta buɗe.

Ga makullan gida duka a jere. Na nemo Inna na danna. Ta fara lissafo danginmu na Nijar, wane ya haifi wane, sai ta katse ta ce, "Awudu, ajiye jakar nan ka zauna ka ci abinci. Ba inda za mu."

Na daɗe a kujerar nan. Da na zare, Kwesi ya duba kwamfutar ciki da bai, ya ce, "Mma, ko alama babu. Kamar bai taɓa zuwa ba." Ya juya yana goge tebur da ba shi da ƙura.

Yanzu ɗaya na wuyana, mai neman makullinsa ya same ni bayan la'asar, ba da safe ba. Ɗayan na kai Kokomlemle wurin Rakiya, yana cikin durowa. Ka yi haƙuri Awudu, na ajiye. Silifas ɗinka ma na fitar daga leda na bari a ƙofar masallaci, wanda aka ɗauke wa nasa ya saka ya tafi gida.

Allah ya jiƙan ƙanena, ya yafe masa, ya haɗa shi da Inna. Allah ya ba shi gidan da ba mai cewa ya tashi, ya tuɓe takalminsa a ƙofa, ya shiga ya gyara zama. Amin.